Da Saniya Turawa Suka Fara Ƙirga Dukiya

Shirinmu na tarihi a wannan mako ya leƙa cikin Turancin Ingilishi, ya zaƙulo wasu kalmomi da kuke ji kullum a bakin ma'aikacin kwastan da malamin dabbobi da mutanen banki, don mu ga daga ina suka fito. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne wani zance da ya yi yawa a bakin wasu 'yan boko, wai mai shanu bai san tattalin arziki ba, ya tara dabbobi a daji ya ƙi kai kuɗi banki. To, shi harshen da ake yi masa wannan gori da shi, in aka tona, shanu za a tarar a ƙarƙashinsa.

Kai nawa gare ka?

Mu fara da kalmar cattle, wadda ake furtawa katil, wato shanu. Shekaru 700 da suka wuce, idan mutumin Ingila ya ce cattle, duk dukiyar da za a iya ɗauka ko a kora yake nufi: doki, tumaki, kayan ɗaki, har kuɗi. Kalmar ta shigo musu daga tsohon Faransanci, shi kuma ya samo ta daga Latin, harshen Rumawan da, inda caput ke nufin kai. Da kai ake ƙirga dabba, a can kamar yadda ake yi a nan. Daga wannan tushe kalmomi uku suka tsiro. Cattle ta tsaya a kan shanu. Chattel ta zauna a bakin lauyoyi da ma'anar kadarar da ba ƙasa ba ce ba kuma gida ba. Ta ukun ita ce capital, jari kenan, uwar kuɗi, kalmar da duk harkar banki ta duniya ke jingine a kanta. Waɗanda suka yi karatun fiƙihu za su tuna Larabawa ma ra'asul mali suke ce wa jari, kan dukiya. Da Fulatanci kuwa kalmar jawdi ita ce dukiya, ita ce kuma dabbobi.

Akwai kalmar fee, wadda kuke ji idan an zo biyan kuɗin makaranta ko na asibiti ko na wata takarda a ofis. A tsohon Ingilishi akwai feoh, mai nufin shanu da dukiya da kuɗi gaba ɗaya, kuma fee ta yau daga zuriyarta take, ko da yake sai da ta bi ta Faransanci kafin ta dawo gida. Jamusawa har gobe Vieh suke ce wa dabbobin kiwo. Kalmar fellow, aboki, ita ma daga nan take. A harshen mutanen arewacin Turai na da, ma'anarta wanda ya aza dukiyarsa tare da taka, abokin haɗin jari, irin mutum biyu da za su haɗa kuɗi su sayi bijimi a Maigatari su raba riba a Legas.

Rumawa ma haka suke. Garke a wurinsu pecus ne, kuɗi kuwa pecunia. Idan uba ya ware wa ɗansa ko bawansa wani ɗan kaso daga dukiyar gida ya ce wannan naka ne, sunan kason peculium. Daga nan Ingilishi ya samu peculiar, wadda ta fara da ma'anar abin da ya keɓanta ga mutum shi kaɗai, yau kuma ake faɗinta ga abin da ya fita daban ko ya zama baƙo. Duk gidan da ake ba jariri karsana ranar suna ya san peculium, ko da bai taɓa jin Latin ba.

Mai kiwo da mai ci

A shekarar 1066, Wiliyam sarkin Normandi, wani yanki na arewacin Faransa, ya haye teku ya ci Ingila da yaƙi a wani wuri da ake kira Hestins. Daga nan har kusan shekaru 300 Faransanci ne harshen fada da kotu da manyan gidaje, Ingilishi kuma ya zama na talakawa, manoma da makiyaya. Sawun wannan zamani yana nan a harshen. Saniya mai rai cow ce, kalmar talaka, amma namanta beef ne, daga kalmar Faransanci da mutanen Nijar da Cadi da Kamaru suka sani da boeuf. Tunkiya sheep ce, namanta mutton, wato mouton. Maraƙi calf, namansa veal, daga veau. Rabuwar ta ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta zauna, amma inda ta tsaya a bayyane yake: sunan dabbar da ake bi a daji ya fito daga bakin mai kiwo, sunan abin da ke cikin kwano ya fito daga bakin mai mulki. Mahauci kuma, butcher, asalinsa mai yanka bunsuru ne, domin bouc shi ne bunsuru da Faransanci.

Shaidar wuta da yankan kunne

Yau idan ɗan kasuwa ya ce brand, sunan kamfani yake nufi, kamar wanda ke jikin buhun shinkafa ko batir. A tsohon Ingilishi kalmar na nufin wuta ko bakin wuta, icen da ke ci. Daga nan ta koma kan shaidar da ake yi wa dabba da ƙarfe mai zafi, sai kan tambarin da ake ƙonawa a jikin gangar katako, sai kan sunan kayan kansa. Haka earmark, wadda ma'anarta ta zahiri shaidar kunne ce, tsagar da ake yi wa tunkiya ko saniya don a san mai ita. Yanzu a majalisa ake jin ta, idan an ware wasu kuɗi a kasafi an ce na aiki kaza ne.

Wanda ya ƙi yin shaida ma ya bar suna. Samuel Maverick lauya ne mai filaye a Teksas ta Amurka, an haife shi a 1803 ya rasu a 1870. Wani da yake bi bashi ya biya shi da shanu wajen 400. Shi kuwa kiwo bai dame shi ba, ya bar su suna yawo, 'yan maruƙan ba a yi musu shaida ba. Maƙwabta idan suka ga maraƙi babu tambari sai su ce na Maverick ne, da yawa kuma sai su buga masa nasu tambarin su haɗa da garkensu. Tun daga nan maverick ta zama sunan dabbar da ba ta da shaida, daga baya ta zama sunan mutumin da ba ya bin ayari, musamman ɗan siyasar da ba ya jin maganar jam'iyyarsa. Turawa yabo suke yi da kalmar yanzu, amma makiyayi ya duba ɗaya gefen labarin: garken mutumin nan bai ƙaru yadda ya kamata ba, domin dabbar da ba shaida ko takarda, wanda ya riga kama ta shi ne zai ce tasa ce.

Allurar da ke ɗauke da sunan saniya

Wannan ita ce ta fi shafar masu ƙetare iyaka da dabbobi. Vaccine da Ingilishi, vaccin da Faransanci, duka daga vacca suke, saniya da Latin. A ƙauyukan Ingila an daɗe ana lura cewa mata masu tatsar nono sukan kamu da wasu 'yan ƙuraje daga hantsar saniya, kuma wadda ta yi su ba kasafai agana ke kama ta ba. Wani likitan ƙauye, Edward Jenner, ya gwada maganar ranar 14 ga Mayu 1796. Ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsa ya sa a ɗan tsagar da ya yi wa wani yaro ɗan shekara 8. Bayan makonni ya gwada yaron da agana, ba ta kama shi ba. Ya wallafa sakamakon a 1798. A 1881 masanin Faransa Louis Pasteur ya nemi a riƙa kiran duk rigakafi irin wannan da sunan saniya, don girmama Jenner. Agana kuwa, wadda tsofaffinmu ke ɗauke da zanenta a fuska, an bayyana ƙarewarta daga duniya a 1980.

Shanu sun ba mutane rigakafi, daga baya mutane suka rama musu. Bushiya ta shigo ƙasashenmu wajen 1890 ta share garkuna, har iyalai da yawa suka bar kiwo dole. A 1962 aka fara babban gangamin allurar bushiya a yankin Tafkin Cadi, tsakanin Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, tare, saboda cutar ba ta san iyaka ba. A 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya, ita ce cuta ta biyu bayan agana. Shi ya sa takardar ƙetare iyaka da dabbobi da ECOWAS, wato CEDEAO, ta fito da ita a 1998 take neman shaidar allura. Mai gudun malamin dabbobi ya tuna cewa daga hantsar saniya aka fara wannan ilimi, kuma mata masu tatsa ne suka fara gane shi.

Killace dabba ko mutum kuwa, quarantine, ƙidaya ce kawai. Quaranta arba'in ne da Italiyanci, kamar quarante da Faransanci. Bayan annobar da ta cinye Turai daga 1347, birnin Ragusa da ke bakin teku, wanda ake kira Dubrovnik yanzu, ya kafa doka a 1377 cewa duk wanda ya fito daga ƙasar annoba ya zauna a ware kwana 30 kafin ya shiga gari. Daga baya aka mai da shi kwana 40, sunan kuma ya bi ƙidayar. An ƙirƙiro dokar ne don kada a rufe tashar jiragen birnin gaba ɗaya.

Kalmomin bakin iyaka

Tariff da Ingilishi, tarif da Faransanci, Larabci ce tsantsa. Ta'arifi ne, sanarwa, daga arafa, ya sani. Fataken Italiya da ke ciniki da Misira da Tunis da Sham suka ɗauke ta da ma'anar jerin kuɗin da aka rubuta aka sanar, kaya kaza kuɗinsa kaza. Akwai masu cewa daga garin Tarifa na Sifen ta fito, amma masana harshe sun tsaya a kan Larabcin. A nan akwai abin riƙewa, jama'a. Tun asali tarif abu ne da aka sanar, kowa ya gani. Kuɗin da aka karɓa a kan hanya babu jeri a rubuce, babu rasit, a kira shi da wani suna, amma bai cika tarif ba. Neman a nuna maka jerin kuɗin da takardar biya ba rashin kunya ba ne, abin da kalmar ke nufi kenan.

Duwan da mutanen Nijar ke faɗi, douane, daga diwani take, kalmar Farisa da Larabawa suka ɗauka, mai nufin littafin rajista da ofishin da ake ajiye shi. Kwastan kuma daga custom take, al'ada, wato abin da aka saba ba sarki idan kaya sun shigo ƙasarsa, kamar kuɗin fito da madugu ke biya wa ayarinsa a zamanin fatake. Mangaza, ɗakin ajiyar kaya, daga magasin ne, shi kuma daga makhazin na Larabci, rumbuna. Ingilishi ya ɗauke ta ya ce magazine, da farko ma'ajiyar albarushi da makamai. A 1731 wani mai ɗab'i a Landan, Edward Cave, ya sa wa mujallarsa wannan suna, a matsayin rumbun labarai, ya kuwa bi duk mujallun da suka zo bayanta. Gidan harsashin bindiga ma sunansa kenan.

Kuɗin da ke aljihunku

Dala da dollar uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A wani kwari da ake kira Joachimsthal, cikin ƙasar Cek ta yau, aka samu azurfa, wajen 1520 aka fara buga manyan kuɗi da ita. Thal kwari ne da Jamusanci, sai aka gajarta sunan kuɗin ya zama thaler, na kwari. Mutanen Holan suka ce daalder, Ingilishi ya ce dollar, Amurka ta ɗauke shi sunan kuɗinta a 1785. Wani thaler mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, ya ratso Sahara ya zama kuɗin ciniki a Borno da ƙasar Hausa. Ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka buga bayan nan wannan shekarar ce a jikinsa, ko da an buga shi bayan shekara 100, domin 'yan kasuwa ba sa karɓar wanda ya canza kama. Da Faransawa suka zo da kuɗin azurfa na tamma 5, sunan dala ya hau kansa, shi ya sa har yau a Maraɗi da Damagaram da dala ake lissafi, dala 20 ita ce sefa 100. A Nijeriya kuwa sule 2 aka kira dala.

Kwabo daga copper yake, jan ƙarfe, shi kuma sunan tsibirin Kubrus ne, inda Rumawa ke haƙo shi. Da aka kawo naira ranar 1 ga Janairu 1973, kwabo ya samu shiga a hukumance. Sule shilling ne, sisi sixpence. Fam kuma pound ne, wanda asalinsa awo ne, nauyin azurfa.

Akwai wani kuɗin Ingila na zinariya da aka fara bugawa a 1663, sunansa guinea, domin daga gaɓar Afirka ta Yamma zinariyar ta fito. Kamfanin da ke kai ta shi ne kuma ke jigilar bayi, wasu daga cikin kuɗin har da hoton giwa, tambarin kamfanin. A 1717 aka tsayar da darajarsa a sule 21, fam ɗaya da sule ɗaya. An daina buga shi fiye da shekara 200, amma har yau a wasu kasuwannin gwanjon dawaki da shanun asali na Ingila da guinea ake taya dabba. A al'adarsu mai dabba ya karɓi fam, sulen da ke sama kuma na mai gwanjo ne. La'ada kenan, dillalan Potiskum da Mubi kun ji 'yan'uwanku. Sunan Gini ya manne wa wasu kayanmu a Ingilishi: zabo guinea fowl, dawa guinea corn, kurkunu guinea worm.

Wanda ya kai kaya kasuwa shi ake kira

Turawa suna da wata fata mai laushi da suke rufe manyan littattafai da ita, suna kiranta morocco, fatar Maroko. Mai yawa daga cikinta fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce, wadda majema suka jeme a ƙasar Hausa, raƙuma suka ratsa Sahara da ita zuwa tashoshin Arewacin Afirka. Mai saye a Landan bai san Kano ba, inda ya ga kayan sun fito nan ya sa musu suna. Talotalo ma haka ya samu sunan turkey, Turkiyya, alhali tsuntsun Amurka ne. An rikita shi da zabo, wanda ake kai wa Turai ta hannun fataken ƙasashen da Turkawa ke mulki. Abin da ya faru da fatarmu yana faruwa har yanzu, duk lokacin da saniyar Cadi ko ta Nijar ta isa kudu, ko fatar Kano ta zama jaka a Italiya da sunan wani. Riba mai tsoka da suna suna tafiya ga wanda ya yi aikin ƙarshe a kan kaya, shi ya sa maganar jima da sarrafa nono da nama a gida ta wuce maganar gwamnati kaɗai, ta shafi ƙungiyoyinku.

Kalma ta ƙarshe ta ƙungiya ce. A 1880, a yankin Mayo na ƙasar Ailan, akwai wani wakilin mai gonaki, Kyaftin Charles Boycott. Damina ta yi kyar, manoma 'yan haya suka nemi ragi mai yawa, aka ƙi, aka fara shirin korar wasu. Ƙungiyar manoma ta hana a taɓa shi, ta ce a ƙaurace masa kawai. Ma'aikatansa suka watse, masu kanti suka daina sayar masa, maƙeri ya ƙi yi masa aiki, har mai kawo wasiƙa ya daina zuwa. Sai da aka kawo 'yan sa kai 50 daga arewa, da sojoji da 'yan sanda wajen 1,000 suna gadinsu, kafin a girbe gonar. An kashe kusan fam 10,000 a kan amfanin da bai wuce fam 500 ba. Kafin shekarar ta ƙare ya bar Ailan, sunansa kuma ya zama boycott, ƙaurace wa, har Faransanci da Jamusanci suka ara. Dillalan shanu da kayan abinci na arewacin Nijeriya da suka tsayar da lodi zuwa kudu na 'yan kwanaki a ƙarshen Fabrairu 2021, har farashin nama da tumatir ya tashi a Legas, wannan makamin suka ɗauka. Ƙarfinsa a Ailan ya zo ne daga abu biyu, kowa ya shiga, kuma ba a zubar da jinin mutumin ba.

To jama'a, nan za mu dakata. Idan an miƙo muku takarda a bakin iyaka mai ɗauke da ɗaya daga kalmomin nan, ku nemi a karanta muku ita a fassara kafin ku dangwala hannu, ku kuma adana rasit da takardar allura wuri ɗaya. A mako mai zuwa za mu juya akalar, mu bi kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci da Azbinanci da Barbarci ta hanyar ayarin gishirin Bilma. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare garke da hanya. Mu kwana lafiya.